Haƙori Ya Riga Na'ura

Ƙarfe biyar da rabi nake buɗe sito a Kaase,
makullai goma sha ɗaya, biyu na manta ƙofarsu.
Warin garin kifi ke fara yi mini sannu da zuwa,
shi da ya taɓa bin rigata har sahun Juma'a a Aboabo,
wani yaro ya matsa, ya toshe hanci da hula.

Ban taɓa kiwon ko zakara ɗaya ba.
Amma daga Ejisu har Dormaa
kaji dubu ɗari na kwana da yunwa
in alƙalamina ya yi tuntuɓe.

Littafi ya ce waken soya ɗari huɗu da shida.
Na ƙirga: ɗari huɗu da uku.
Na sake ƙirgawa, ko buhu zai ji kunya ya dawo.
Ɓera ba ya jan buhu har da ɗinkinsa,
na faɗa wa Kwabena mai gadi.
Ya ɗaga kai yana nazarin kwanon rufi.

Da hantsi Mutawakilu ya danno tirela daga Ejura,
taya ta fashe masa a hawan Mampong,
ido jajur, wuyan riga duk baƙin mai.
Tare muka buga ƙwallon tsumma a Asawase.
Ranar sunan 'yata, shi ya feɗe ragon.

Na soka ƙarfe a buhu na uku daga sama.
Masara ta zubo tafina da ɗumi,
ɗumin da ba na rana ba.
Na ciji ƙwaya ɗaya. Ba ta ce ƙas ba,
lotsawa ta yi a hankali, kamar mai neman alfarma.
Haka mahaifina ke yi wa goro a bakin kasuwa,
bai san lamba ba, haƙori ne awonsa.
Na'ura ta zo daga baya ta ce danshi goma sha bakwai,
ta maimaita abin da baki ya riga ya sani.

"Munkaila, a shanya ta kwana biyu mana."
A ina? Hadari ya haɗo tun daga Bosomtwe.
Fumfuna ba ta sallama,
tsakiyar buhu take shiga ta yi shiru,
sai bayan wata guda
wata mata ta kwashe 'yan tsaki da shebur.

Waya. Maame Serwaa ce daga Ejisu:
"Kajina sun fara fizgar gashin juna. Ina motarka?"
Na ce tana hanya.
Motar tana gabana, cike da abin da ba zan ba ta ba.

Na sa hannu a takarda: a mayar.
Da ya zage ni da na ji sauƙi.
Shi ya ɗaure tamfol da kansa, ya kori leburori,
sidin da na miƙa masa na mai
ya ajiye a kan babban sikeli ya hau mota.
Allurar ko motsi ba ta yi ba.

Na kankare tsohon kaya daga ƙuryar sito,
buhu arba'in maimakon ɗari,
na loda wa ƙaramar mota, na roƙi direba ya kauce wa Oforikrom.
Sai ruwa ya kece, wuta ta ɗauke,
rufin layi na tara ya fara ɗiga inda ya saba.
Ni da Kwabena muna jan buhuna cikin duhu,
ya fi ni sanin wanne ke ina.
Ban ce komai ba. Yau dai bayansa nake bukata.

Bayan isha'i Zulaiha ta kakkaɓe rigata a tsakar gida.
Ƙwayar nan ta faɗo, da shatin haƙorina a jikinta.
Kazar maƙwabta za ta tsince ta da asuba,
ba takarda, ba sa hannu.
Na duba waya. Mutawakilu bai kira ba.
Buhu uku kuma suna nan, a littafi.